Yadda ake kafa zauren jagororin bita masu aiki da tubalan LEGO

Jan ragamar bita da tubalan LEGO sana'ar hannu ce, kamar ɗinki ko saƙa. Wanda ya koya ya ajiye wata uku bai taɓa ba, ranar da aka kira shi gaban jama'a sai ya ga tambayarsa ta yi tsawo, lokaci ya kuɓuce masa, mutum biyu sun cinye zancen. Maganin haka shi ne zaure: ƙaramar ƙungiya ta masu wannan aiki da ke haɗuwa a kai a kai, a yi gini tare, kowa ya karɓi jagoranci bi da bi, ya yi kuskurensa a gaban abokan sana'a kafin ya yi shi a gaban mutanen da suka bar harkokinsu suka zo bita.

Ga wanda bai san asalin abin ba, kamfanin LEGO na garin Billund ne a ƙasar Danmak. Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a 1932, kuma tubalin roba mai maƙalewa da aka sani yau an yi masa rajista a 1958. A tsakiyar shekarun 1990 ne wasu malamai biyu na makarantar kasuwanci ta IMD da ke Lausanne a Siwizalan, Johan Roos da Bart Victor, suka haɗa kai da Kjeld Kirk Kristiansen, jikan Ole kuma shugaban kamfanin a lokacin, suka fara gwada tubalan a tarurrukan manya. Daga nan aka samu hanyar da ake kira LEGO Serious Play, wadda Robert Rasmussen, wani ma'aikacin kamfanin, ya ƙara wa tsari. A 2010 kamfanin ya saki ginshiƙanta ga kowa. Jigonta ɗaya ne: a jefa tambaya, kowa ya gina amsarsa da hannu, sannan kowa ya ba da labarin gininsa.

Mataki na farko: mutane da suna

Ku fara da mutum shida zuwa goma. Ƙasa da shida, idan biyu suka yi uzuri zama ya mutu. Sama da goma, labaran gini kaɗai za su cinye lokacin. Ku nemi waɗanda dama suke tsayawa gaban jama'a: malamin makaranta, mai horar da ma'aikata, jami'ar wayar da kai ta asibiti, mai aikin sasanci, mai kula da ƙungiyar matasa. Bambancin fagen aiki riba ne, domin tambayar da ta zauna wa malamai daram kan iya zame wa 'yan kasuwa baƙuwa, kuma a zaure ne za a gano haka.

Muƙamai uku sun isa: mai kiran taro, ma'ajin kaya, da mai rubutu. Game da suna, LEGO alamar kasuwanci ce mai rajista, saboda haka kada ku sa ta cikin sunan ƙungiyarku ko adireshinku na intanet, kada kuma ku manna tambarin kamfanin a takardunku. Ku raɗa sunanku na kanku, a ƙarƙashinsa ku bayyana irin kayan da kuke aiki da su.

Mataki na biyu: kaya

Nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Sabon zaure ba ya buƙatar katon akwati mai guda dubbai. Abin da yake buƙata shi ne ƙananan jakunkuna iri ɗaya sak, ɗaya ga kowane mutum. Kamfanin yana sayar da irin wannan jaka mai guda kusan 50, da wani ƙunshi mai sama da 200 na mutum ɗaya, da babban akwati na gini tare. Idan kuɗi bai kai ba, ku yi karo-karo ko adashi ku sayi tubala a gauraye, ko da na gwanjo ne, ku haɗa jakunkunan da kanku.

Ana kiran tubali da yawan ƙululun da ke kansa: mai layi biyu na ƙululu huɗu-huɗu shi ne 2x4. Akwai kuma falle, wato siriri, wanda uku daga cikinsa ke yin kaurin tubali ɗaya. Ga haɗin guda 45 da ke aiki sosai a leda mai zif:

- tubali 2x4 guda 8, da 2x2 guda 8, da 1x2 guda 6, launuka daban-daban
- falle guda 8, gajeru da dogaye
- mai gangare guda 4
- mai sheƙi kamar gilas guda 2
- taya 2, tubali mai ido 2
- taga 1, tsani 1, tuta 1, tsiro 1, ɗan mutum-mutumi 1

Ƙananan abubuwan nan na ƙarshe su ne ke buɗe baki. Tsani kan zama ƙarin girma ko wahalar hawa, taga ta zama mafita, mai sheƙi ya zama gaskiya ko abin da kowa ke gani amma ba a faɗa. Jakar da babu komai a ciki sai tubala masu kusurwa huɗu, gida da katanga kawai za a yi ta gina muku.

Dalilin daidaita jakunkuna shi ne adalci. Idan ɗaya ya samu giwa da kambin sarauta, ɗaya kuma ya samu baƙaƙen tubala biyar, an riga an raba su kafin a fara. Kada kuma ƙarancin kaya ya dame ku. Wani masanin lissafi na Jami'ar Kopenhagen, Søren Eilers, ya ƙirga cewa tubali 2x4 guda biyu masu launi ɗaya ana iya haɗa su ta hanya 24, guda uku ta hanya 1,560, guda shida kuwa ta hanya 915,103,765.

Idan na gwanjo ne ko na wani kamfani, ku gwada riƙo kafin ku biya. A haɗa biyar a tsaye, a kama na sama a ɗaga, a ɗan girgiza. Idan suka zube, sun saki. Idan kuma sai an sa haƙori kafin su rabu, sun yi tsauri. Dukansu matsala ne: ginin da ya warware a hannun mai shi yana tsakiyar magana yakan kashe masa jiki, ya kasa komawa kan labarinsa. Ku sayi 'yar cokaliyar ɓamɓare tubali guda biyu ko uku don fallayen da ke mannewa.

Bayan jakunkuna, ku tanadi tarin gama-gari a roba mai murfi, kilo biyu zuwa uku, wanda ya haɗa da dabbobi, igiyoyi, sarƙoƙi, gadoji da faranti uku ko huɗu na ɗora gini.

Mataki na uku: wuri

Tebur ɗaya da kowa zai ga ginin kowa, da fili kamar faɗin tire a gaban kowane mutum. A shimfiɗa zane mara ado mai launi ɗaya, don ya rage ƙarar tubala, ya kuma hana ƙanana gangarawa ƙasa. Idan a tabarma za a zauna, a ba kowa tire ko kwali mai tauri, domin gini ba ya tsayuwa a kan saƙa. Jerin kujeru irin na aji ba ya yi ko kaɗan. Littafi, jaka da waya su sauka daga tebur.

Mataki na huɗu: tsarin zama

Sau ɗaya a wata, awa biyu da rabi. Buɗewa minti 10, ɗumama hannu minti 25, babban aiki minti 60, hutu da salla minti 15, gyara wa jagora minti 25, ƙirga kaya da tsara zama na gaba minti 15. Doka ɗaya da ba a ɗaga mata ƙafa: babu zaman da za a tashi ba a yi gini ba. Zauren da ya koma hira a kan hanyar aiki, ba tare da an taɓa tubali ba, cikin 'yan watanni mutane za su fara janye jiki.

Ɗumama hannu hawa uku ne, kuma ko ƙwararru ba sa tsallake shi, domin shi ne abin da za su fi yawan yi da baƙi. Hawa na farko na sabo da kaya: kowa ya gina hasumiya cikin minti 2, ya nuna ta, ya faɗi abu ɗaya game da ita. Wasu sukan fara da agwagwa, ƙunshin guda shida, huɗu rawaya biyu ja, a ce kowa ya yi agwagwa cikin minti 1. Idan aka jera su za a ga kowa da irin tasa, kuma duk agwagi ne. Hawa na biyu na kwatance: kowa ya haɗa guda biyar yadda ya ga dama, sannan jagora ya ba shi kalma, misali haƙuri, bashi ko damina, ya bayyana yadda abin da ke hannunsa yake nuna kalmar. Hawa na uku na labari: "Gina ranar aiki da ta yi maka daɗi", minti 3.

Wanda ya tsallake hawa na biyu zai gane kuskurensa a babban aiki. Idan ya ce a gina matsalar makaranta, sai a gina masa makarantar kanta, da ajujuwa da tuta, a rasa matsalar.

Mataki na biyar: zagayen aiki mai hawa huɗu

Jagora ya jefa tambaya. Kowa ya gina, shiru, cikin lokacin da aka yanka. Kowa ya ba da labarin gininsa. Sannan a yi nazari tare a kan abin da ya fito. Ko sau nawa za a maimaita, jerin ba ya canzawa.

A lokacin gini za a samu wanda ya naɗe hannu yana kallon rufi, yana jiran dabara ta zo masa. A matsa kusa da shi a ce a hankali, "Malam, ɗauki ko wanne ka fara haɗawa, ma'anar za ta biyo baya." Yawanci kafin ya haɗa guda huɗu ya kama hanya. Tunanin da aka gina hanyar a kai ke nan, wanda Seymour Papert na jami'ar MIT da ke Amurka ya yi fice da shi: mutum ya fi fahimtar abu idan yana ƙera wani abin da ido ke gani. A sanar da saura minti ɗaya, sannan saura daƙiƙa 20. Idan lokaci ya cika, hannu ya bar tebur.

Lokacin labari shi ne inda jagora ke nuna ƙwarewarsa ko kasawarsa. Ma'anar gini ta mai ginin ce. Idan Hajiya ta ce jan tubalin nan farin ciki ne, to farin ciki ne, ko da kowa ya saba ɗaukar ja a matsayin haɗari. Tambaya kan gini ake yi, ba kan mutum ba. A ce, "Wannan tsanin da bai kai sama ba, yana da ma'ana?" Kada a ce, "Me ya sa kike ganin ba a ƙara miki girma?" Ta farko ta bar mata zaɓi: ta buɗe zancen, ko ta ce tubali ne ya ƙare mata. Ta biyu ta tsare ta a gaban mutane. Idanun kowa su kasance a kan ginin, mai magana kuma ya riƙa nuna sashen da yake bayani da yatsa. Idan ya saki ginin ya shiga jawabi, a dawo da shi da, "Nuna mana inda wannan yake a jikin ginin."

Ku yi lissafin lokaci tun a gida. Mutum 8, kowa minti 2 na labari da minti 1 na tambaya, minti 24 ke nan a zagaye ɗaya. Mutum 12, minti 36. Wannan lissafi ne sababbin jagorori ke mantawa, su shirya tambaya biyar a awa ɗaya, ƙarshe su riƙa katse na baya. Wanda ya gina amsa aka hana shi faɗinta, an yi masa abin da ya fi rashin tambayarsa ciwo.

Mataki na shida: ƙera tambaya

Rabin amfanin zaure yana nan. Wanda zai jagoranci zaman watan ya rubuta tambayoyinsa, ya tura wa mutum biyu kwana uku kafin zama, su gwada gina amsa a gida. Tambayar da ba ta ginuwa cikin minti 5 gyara take so.

Tambaya mai kyau gajeriya ce, tana farawa da "gina", tana neman abu ɗaya, kuma ba ta da amsar da ake jira. Dubi wannan: "Gina matsalolin ƙungiyarmu da hanyoyin magance su da rawar da shugabanni za su taka." Tambaya uku ce aka cusa a riga ɗaya, kowa zai amsa wadda ta fi masa sauƙi, a kasa haɗa amsoshin. Gyaranta: "Gina abu ɗaya da ke hana aikinka tafiya a wannan ƙungiya." Dubi wata: "Gina muhimmancin zuwa aiki da wuri." Wannan wa'azi ne, amsar tana cikinta, kuma mutane suna jin ƙanshin haka nan take. Gyaranta: "Gina abin da ke faruwa da kai daga asuba zuwa isowarka wurin aiki." A nan ne za a ga layin ɗiban ruwa, da kai yara makaranta, da jiran abin hawa.

A jera tambayoyi daga kusa zuwa nesa: ni, sannan mu, sannan na waje. A faɗi tambaya sau biyu da kalmomi iri ɗaya, a kuma rubuta ta a allo. Idan bita da harshe biyu ake yi, a fassara tambayar tun kafin ranar, domin fassarar tsaye takan sauya abin da ake nema.

Akwai tambayoyin da ke tono ciwo, kamar na rashi, gudun hijira ko rikicin gida. Hannu yakan fitar da abin da baki bai yi niyya ba, mutum ya ga kansa yana hawaye a kan guda goma na roba. Kada jagoran da ba shi da horo a wannan fanni ya nufi wurin da gangan. A kuma faɗa tun farko cewa kowa yana da ikon faɗin iya abin da ya ga dama daga gininsa.

Mataki na bakwai: gini na tarayya

Sai zaure ya yi zama uku ko huɗu a kan ginin mutum ɗaya-ɗaya kafin ya shiga wannan. Kowa ya fara gina tasa amsar. Sannan ya ɗora tuta ko jan tubali a kan sashen da ba zai yarda a bari ba, ya ciro shi, ya kawo tsakiya kan faranti. A tashi tsaye, a zagaye tebur, a yi ta jerawa har a samu labari ɗaya da ya ɗauke duka sassan. Mutum ɗaya ya ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe, a tambayi kowa ko akwai abin da aka bari ko aka karkatar, a gyara, wani dabam ya sake bayarwa. A ba shi minti 25 zuwa 30.

Abu uku ke ɓata shi. Mai ƙarfin baki ya mamaye farantin, sauran su koma 'yan kallo. Ko a ture sashen wani zuwa gefe ba da izininsa ba. Ko a saki tubalan a koma muhawara. Na farko da na biyu doka ɗaya ke maganinsu: ba mai motsa sashen da ba nasa ba sai mai shi ya yarda. Na uku kuwa, jagora ya ce duk mai shawara ya nuna ta da hannu a kan ginin.

Mataki na takwas: gyara wa jagora

A kowane zama a ware mutum ɗaya mai lura, wanda ba ya gini, yana riƙe da agogo da takarda. Ya rubuta minti nawa jagora ya yi yana bayani kafin a taɓa tubali, sau nawa ya fassara ginin wani da bakinsa, wa aka ba lokaci da yawa, wa aka katse. Jagora ne zai fara magana, ya faɗi inda ya ji ya kama da inda ya ji ya zame. Sai mai lura ya karanta abin da ya rubuta ba tare da sharhi ba. Sannan kowa ya gina, cikin minti 3, abu ɗaya da ya taimake shi da abu ɗaya da ya tare masa hanya. Gyaran da aka ɗora a kan tebur ya fi sauƙin haɗiya, musamman idan ƙarami ne ke gyara wa babba.

Abubuwan da za ku tarar a fili

Dattijo ko babban ma'aikaci zai iya kallon ledar ya ce wasan yara aka tara su yi. Dogon bayani ba ya sauya masa ra'ayi. A ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu minti goma a gwada," a shiga hasumiya kai tsaye. Kada bayanin buɗewa ya wuce minti 5. Idan shugaba da na ƙasa da shi suna tebur ɗaya, shugaba ya ba da labarinsa a ƙarshe, in ba haka ba kowa zai karkata nasa ya bi na maigida.

Wasu ba sa son riƙe ɗan mutum-mutumi saboda dalilin addini. Ba wurin gardama ba ne: a cire shi, tubali 2x2 ya tsaya a madadin mutum, aiki ya ci gaba. Dabbobi kuma a yi hattara da su, domin wanda aka siffanta da kura ko jaki a gaban jama'a ba zai manta ba. A kafa sharaɗi cewa hali ko matsala ake ginawa, ba wani mai suna ba. Inda maza da mata ba su saba cuɗanya ba, a yi tebur biyu, ko a bar tazara lokacin gini na tarayya.

Masu aiki da yara su san cewa ƙananan tubala haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara 3, yana iya haɗiyewa. Nasu shi ne DUPLO, wanda ya ninka na yau da kullum sau biyu a tsawo, faɗi da kauri. Akwai tsarin Six Bricks, wato tubala shida, da ƙungiyar Care for Education ta Afirka ta Kudu ta ɓullo da shi tare da gidauniyar LEGO: kowane yaro DUPLO 2x4 guda shida, ja, ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi mai haske da shuɗi mai duhu, ana gajerun wasanni na 'yan mintoci. Ɗaya daga ciki ya dace da zaurenku ma: mutum biyu su juya wa juna baya, ɗaya ya gina da guda uku ya kwatanta da baki, ɗayan ya kwaikwaya bai gani ba. Babu abin da ya kai shi nuna wa jagora yadda umarninsa ke fita.

Halartar zaure ba ta mai da mutum mai takardar shaida. Masu horarwa masu zaman kansu ne ke ba da horon kwanaki a kan wannan hanya, don haka wanda bai yi ba kada ya rubuta cewa ya yi.

Rufe zama

Kafin a rushe gini, mai shi ya ɗauki hotonsa idan yana so, mai rubutu kuma ya rubuta tambayar da aka yi, da lokacin da ta ci, da gyaran da aka ba ta. Cikin shekara za ku tara littafin tambayoyin da aka gwada. Ba a yaɗa hoton gini tare da labarin mai shi sai da izininsa.

Kowa ya warware nasa, ya ƙirga 45, ya zuge leda. A duba ƙarƙashin tebur da cikin naɗin zane. Ma'aji zai iya auna kowace jaka a ƙaramin sikeli don sauri, amma ya sani tubali 2x4 giram biyu da ɗan ɗori ne kawai, ƙananan kuwa ba su kai giram ɗaya ba, saboda haka sikeli ba zai nuna ɓatan tuta ko ido ba sai an duba. Bayan kowane zama uku, ko bayan bita da jama'a da yawa, a wanke su da hannu a ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulun ruwa, a goge ƙurar hunturu daga tsakanin ƙululu da tsohon burushin haƙori, a tsane a kwando, a baza kan tawul a inuwa. Ruwan zafi da rana suna lanƙwasa roba su kashe riƙo, haka ma barin kaya a cikin motar da ke tsaye a rana. Sai sun bushe sarai a mayar cikin leda, in ba haka ba su yi wari.

Kafin a watse a faɗi sunan jagoran wata mai zuwa, da mai lura, da mutum biyun da za su gwada masa tambayoyi, sannan ma'aji ya rubuta wanda ya ari kaya, jaka nawa, da ranar da zai dawo da su.